Tuffar Sezan: me ya kawo kore a jikin ja, kuma me ya hana shi gauraya fentin?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi mai zanen fuskoki da fensir, wanda bai daɗe da fara taɓa fenti ba. Ga abin da ya rubuto: "Malam, na ga hoton wani zane na Paul Cézanne, kwandon tuffa a kan tebur. An ce yana cikin manyan zane-zanen duniya. Ni dai abin da na gani, fentin bai gaurayu ba, ga sawun buroshi nan ɓaro-ɓaro, jar tuffa da kore a jikinta, farin ƙyalle da shuɗi, teburin ma a karkace. Rashin iyawa ne ake rufa wa asiri, ko kuwa idona ne bai kai ba?"

Ƙanena, ba a kanka aka fara wannan zargi ba. Alƙalan babban baje kolin zane na birnin Faris, wanda ake kira Salon, sun yi shekara da shekaru suna mayar wa mutumin nan da ayyukansa. Sau ɗaya tak suka karɓa, a 1882, shi ma sai da wani abokinsa da ke cikin alƙalan ya sa baki. Sai a 1895, yana da shekara 56, wani dillalin zane mai suna Ambroise Vollard ya shirya masa baje kolin kansa shi kaɗai. Ka ga ke nan idonka ya zo ɗaya da na manyan masanan wancan zamani. Su ma dai kuskure suka yi, kuma kuskuren yana da wurin da yake fitowa.

Sunan nasa Sezan ake furta shi, haka zan riƙa rubutawa. Daga yadda ka siffanta, zanen da ka gani shi ne wanda ake kira Kwandon Tuffa, ya yi shi wajajen 1893, yanzu yana gidan adana zane na Art Institute da ke Shikago a Amurka. Ba wani babba ba ne, santimita 65 a tsaye, 80 a kwance. Kwando ya jingina da wani abu ya sunkuyo gaba, tuffa ta zubo kan farin ƙyalle da aka cukuikuye, ga baƙar kwalba a tsakiya ta ɗan karkata, ga faranti da biskit an jera wani kan wani. Shi ke nan. Babu labari, babu sarki, babu yaƙi. A tsarin tsohuwar makarantar zane ta Faransa, irin wannan zane na kayan da aka ajiye a tebur shi ne a ƙasan tsani, aikin wanda bai isa ya zana tarihi ba. Sezan ya zaɓe shi da gangan, don tuffa ba ta gajiya da zama, ba ta motsi, ba ta kuma tambayar ko an fito da ita da kyau.

Bari mu fara da abin da ka riga ka iya. Idan za ka zana ƙwallo da fensir, makaminka ɗaya ne: haske da duhu. Gefen da ke fuskantar taga ka bar shi fari, ɗaya gefen ka danna fensir, tsakiya ka murza da yatsa ko auduga har duhun ya narke cikin hasken. Masu fentin makarantar gargajiya ta Turai haka suke yi da launi. Tuffa ja ce, to a ɗauko ja, a ƙara fari a wajen haske, a ƙara baƙi ko ruwan ƙasa a wajen inuwa, sannan a bi da buroshi mai laushi a shafe komai har sawun hannu ya ɓace. Da wannan ma'auni alƙalan Salon suka auna Sezan, da shi kai ma ka auna shi, kuma a wannan ma'auni lallai ya faɗi.

Shi kuwa wata hanya ya bi. Maimakon ya duhunta launi ɗaya, sai ya riƙa sauya launin kansa yayin da jikin tuffar yake juyawa yana nisa da ido. Ka buɗe hoton, ka zaɓi tuffa guda daga waɗanda ke kan ƙyallen, ka faɗaɗa ta har ta cika fuskar wayarka. Akwai wuri guda da ya fi ko'ina kusa da kai, yawanci nan ne ya fi haske, rawaya-rawaya ko ma da ɗigon fari. Kusa da shi wani shafi ruwan lemo. Bayan wannan ja mai zafi. Sai ja mai duhu, irin na hanta. A wasu 'ya'yan sai kore ya shigo ta gefe, a can ƙarshe inda tuffar ke kwanciya a kan ƙyalle ka tarar da shuɗi mai duhu. Kowane shafi yana zaune a wurinsa, yana taɓa maƙwabcinsa, bai narke a cikinsa ba. Yanzu ka mayar da hoton girmansa. Tuffar ta mulmulu, tana da nauyi, kamar ka kai hannu ka ɗauka, alhali ba a duhunta ta da baƙi yadda ka saba ba. Matakalar launukan nan ita ta yi aikin da murza fensir yake yi maka.

Shi da kansa ya bayyana wannan a wata wasiƙa da ya rubuta wa matashin mai zane Émile Bernard a watan Yulin 1904. Ya ce a jikin lemo, da tuffa, da ƙwallo, da kan mutum, akwai wani wuri da ya fi ko'ina tasowa, wanda shi ne mafi kusa da idonmu, daga nan gefuna suke gudu baya. A wata wasiƙar ta watan Afrilu na wannan shekara ya gaya masa cewa ja da rawaya su ne ke wakiltar haske, amma dole a sa musu isasshen shuɗi kafin mai kallo ya ji akwai iska a tsakanin abubuwa. Wannan ita ce amsar shuɗin da ka gani a farin ƙyalle. Launuka masu ɗumi, ja da rawaya da ruwan lemo, ido yana ganin kamar sun matso. Masu sanyi, shuɗi da kore mai shuɗi-shuɗi, kamar sun ja baya. Duk inda ƙyallen ya lotsa ciki, ya sa masa shuɗi ko toka mai sanyi. Inda ya taso, fari mai ɗan ɗumi. Inda tuffa ta kwanta, wani lokaci har ɗan jan jikinta ya kan bari ya faɗo a kan farin. Ka shimfiɗa farar riga kusa da taga da hantsi, ka ɗora tumatir a kai, ka dube ta minti biyar ba tare da ka gaya wa kanka "fara ce" ba. Za ka ga shuɗin, za ka ga jan.

Batun kore a jikin ja kuwa, wani ɓangarensa gaskiyar tuffa ce kawai, ɗanya-ɗanya takan zo da kore. Amma akwai dalilin da ya sa yake barin su kafaɗa da kafaɗa, kuma asalin bayanin daga marina ya fito. Wani masanin sinadarai, Michel-Eugène Chevreul, shi ne shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins ta Faris tun daga 1824. Masaƙa suka yi ta kawo ƙorafi cewa wasu zaren, musamman baƙi, rininsu bai kama ba. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, zaren da ake saƙawa kusa da shi ne yake sauya yadda ido ke ganinsa. A 1839, shekarar da aka haifi Sezan a garin Aix na kudancin Faransa, ya buga sakamakon bincikensa. Taƙaitaccen bayanin shi ne, kowane launi yana da abin da ni nake kira wa ɗalibaina kishiyarsa: ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya. Ka zaunar da kishiyoyi kusa da juna, kowace sai ta ƙara kwalliya, jan ya ƙara ja, koren ya ƙara kore. Ka cakuɗa su a kwano ɗaya, sai su kashe juna, abin da zai rage maka taɓo ne mai ruwan ƙasa.

To ka ga amsar rabin tambayarka ta fito da kanta. Da Sezan ya bi shawararka ya murje iyakar da ke tsakanin jan nan da koren nan, da taɓo ya samu a daidai wurin da ya fi buƙatar launi mai rai. Mai ɗinkin hula ya san wannan ba tare da ya karanta Chevreul ba. Ba ya iya gauraya zare, sai dai ya jera su, ɗinki kusa da ɗinki, amma in ka hango hular daga nesa launukan sun haɗu sun ba da wani abu da babu shi a ko wane ƙulli na zaren. Van Gogh ma, mai zane ɗan ƙasar Holland wanda za mu zo kansa, yana da wani ɗan jan akwati cike da ƙullin zaren ulu kala-kala da yake gwada haɗin launi da su, akwatin yana nan a gidan adana kayansa a Amstadam.

Sai sawun buroshin. Abin lura na farko, ba a hargitse yake ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1870 Sezan ya koma yin gajerun shafi masu kusan girma ɗaya, jere da juna, sau da yawa a ɗan gicciye, kamar mai jera tubali. A jikin 'ya'yan itace sukan lanƙwasa su bi mulmulen abin. Kuma irin shafin da ya gina tuffa da shi, da shi ya gina bango da tebur da ƙyalle, shi ya sa zanen yake kama da abu guda da aka saƙa, babu wani sashe da za ka ce wannan baya ne kawai an cike shi don a huta. Abin lura na biyu, dubi gefen 'ya'yan. Layin da ya zagaye su shuɗi ne mai duhu, kuma ba ya rufewa. Ya fito nan, ya ɓace can, a wani wurin ka ga biyu ko uku a jere kamar hannun yana neman inda gefen yake. Mai fensir yana ganin haka ya ce kokwanto ne. E, kokwanto ne, amma na gaskiya: abu mulmulalle ba shi da gefe tsayayye, kana gyara zama kaɗan gefen ya matsa.

Kada saurin da kake gani a sawun ya ruɗe ka, mutumin nan a hankali yake aiki har abin ya zama abin labari. Vollard ya ba da labarin cewa ya zauna masa sau 115 don ya zana shi a 1899, duk da haka aka bar wasu 'yan wurare biyu a bayan hannunsa babu fenti. Da ya tambaya, Sezan ya nuna masa cewa in ya sa launin da bai dace ba a nan, sai ya sake zanen gaba ɗaya daga wannan wurin. Ko da Vollard ya ɗan ƙara gishiri a lissafin, wuraren biyu suna nan a zanen. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe: kowane shafi hukunci ne da aka yanke bayan dogon kallo, an auna shi da na kusa da shi. Wanda ya murje, ya shafe hukuncin.

Kuma ba haka ya fara ba. Zane-zanensa na shekarun 1860 baƙaƙe ne, masu kauri, wasu da wuƙar fenti ya yaɓa su kamar mai yaɓen ɗaki. Camille Pissarro ne ya fitar da shi fili a yankin Pontoise da Auvers daga 1872, ya koya masa ya sassauta hannu, ya haskaka launukansa, ya dubi abin da ke gabansa. Pissarro yana cikin rukunin da aka yi wa laƙabi da Impressionnistes, su Monet da Renoir, masu farautar yadda haske ke sauka a kan abu a ɗan ƙanƙanin lokaci. Sezan ya yi baje koli da su a 1874 da 1877. Ya karɓi launinsu mai haske da inuwarsu mai shuɗi, amma bai gamsu da yadda abubuwa ke narkewa a zanensu kamar hazo ba. Yana son hasken, yana kuma son tuffa ta zauna daram da nauyinta. Sunan da yanzu ake kiran Sezan da Van Gogh da wani mai zanen Faransa, Gauguin, da shi, wato "na bayan Impressionnistes", wani Bature ɗan Ingila mai sharhin zane, Roger Fry, ya ƙirƙiro shi don wani baje koli a Landan a 1910. Lokacin Sezan ya shekara huɗu da mutuwa, Van Gogh ashirin, Gauguin bakwai. Babu ɗayansu da ya taɓa kiran kansa da sunan, kuma ba ƙungiya ba ce.

In kana son ka tabbatar ba hanya ɗaya suka bi ba, nemi zanen 'ya'yan itace da Van Gogh ya yi a Faris a 1887. Akwai ɗaya a Amstadam, lemon tsami da inabi da wasu 'ya'yan, kusan komai rawaya ne: 'ya'yan rawaya, abin da suke kai rawaya, baya rawaya, har katakon da ya zagaye zanen ya bi shi da rawaya, ya rubuta a jiki cewa na ɗan'uwansa Theo ne. Gwaji yake yi, ya ga iya nisan da launi ɗaya zai kai shi. Wani kuma yana Shikago, gida ɗaya da kwandon Sezan, inda ya haɗa rawaya da kishiyarta shunayya, sawun buroshin kuma dogaye, suna zagaye 'ya'yan kamar ruwa da aka jefa wa dutse. A wurin Van Gogh sawun yana gaya maka yadda zuciyarsa take bugawa. A wurin Sezan yana gaya maka inda jikin tuffa ya juya. Gauguin kuwa shimfiɗa launi yake yi fili-fili, ya zagaye da layi, bai damu ƙwarai da mulmule ba. Amma shi ne ya mallaki ɗaya daga zanen tuffar Sezan, mai kwanon 'ya'yan itace da kofi da wuƙa na wajajen 1880, wanda yanzu yake Niyok, har ya kwafe shi a bayan hoton wata mata da ya zana a 1890. Mai zane ba ya yi wa aikin da ya raina haka.

Teburin fa? Gaskiyarka, a karkace yake. Bi gefensa daga hagu, ka bar shi ya shige ƙarƙashin ƙyallen, ka ga inda ya fito a dama: ba su haɗu ba. Biskit ɗin saman ma kamar daga sama ake kallonsu, na ƙasa kuma daga gefe. Masana sun kasu. Wasu na cewa da gangan ya yi don ya daidaita nauyin zanen, kwandon da ya sunkuyo ta hagu yana buƙatar abin da zai tare shi ta dama. Wasu na cewa sakamakon kallo ne na kwanaki da yawa, yau kai ya ɗan ɗago, gobe ya ɗan sunkuya, kowane sashe an zana shi yadda aka gan shi a lokacinsa. Ni ina ganin duka biyun ne, ya fara ne daga kallon, da ya lura kuma ya ga zanen ya fi tsayuwa a haka sai ya bari. Mutumin da ya yi karatun zane a Aix, ya yi a Faris, ya kuma yi ta kwafar ayyukan magabata a gidan tarihi na Louvre har tsufansa, jan miƙaƙƙen layi ba zai gagare shi ba. Wannan karkacewar ce masu zane na bayansa, su Picasso da Braque, suka kama suka yi nisa da ita bayan babban baje kolin tunawa da shi a Faris a 1907, amma wannan wani zance ne.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne nan: akwai masu fakewa da sunan Sezan su ɓoye kasala. Na sha ganin ɗalibi ya watsa kala-kala a jikin lemo, in ka tambaye shi me ya kawo shunayya nan, ya ce salo ne. Ba salo ba ne, bai duba ba ne. Gwajin mai sauƙi ne. Ka ɗauki hoton aikin da waya ka mayar da shi fari da baƙi. Tuffar Sezan in ka yi mata haka tana nan a mulmule, domin duk launin da ya sa, ya auna haskensa da duhunsa daidai da matakin da yake kai. Na mai kasala kuwa sai ya watse ya zama dabbare-dabbare. Don haka shekarun da ka yi kana murza fensir ba su tafi a banza ba, su ne za su riƙe ka.

Ga abin da zan so ka gwada. Ba sai ka nemi tuffa ba, mangwaro ya fi ta ma, don ɗaya tak yakan ɗauko kore da rawaya da ja a jikinsa. Lemon zaƙi irin namu mai kore-kore shi ma ya yi. Ka ɗora uku a kan farin ƙyalle kusa da taga, haske ya zo ta gefe ɗaya, ka kashe ƙwan ɗaki. Ka fitar da fari, rawaya biyu, ɗaya mai haske ɗaya ruwan ƙasa-ƙasa, ja biyu, mai zafi da mai duhu, kore ɗaya, shuɗi ɗaya. Baƙin ka mayar da shi cikin jaka. Kafin ka taɓa ƙyallen zanen, ka haɗa matakala a kan allon fentinka, kamar launi shida ko bakwai daga mafi haske zuwa mafi sanyi, kowane a gefensa. Ka ɗauki buroshi mai faffaɗan baki, ka nemo wurin da ya fi kusa da idonka a jikin mangwaron, ka duba, ka sa shafi ɗaya, ka ɗauke hannu. Ka goge buroshin. Ka sake dubawa kafin na biyu. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayin ya koma ya murje, yatsanka ma zai so ya shiga. Wani ɗalibina sai da na sa ya riƙe tsumma a hannun hagu don ya daina. In da fentin ruwa mai saurin bushewa kake aiki, musamman da hunturu, ka riƙa fesa wa allon ruwa kaɗan-kaɗan, in ba haka ba matakalar za ta bushe kafin ka kai tsakiya. Duk bayan shafi goma ka tashi ka ja baya taku huɗu ko biyar, daga can ne ake ganin ko abin ya mulmulu.

Ka yi niyyar gamawa cikin kwana biyu. In ka wuce haka mangwaron zai nuna, koren da ka auna ran Asabar ya zama rawaya ran Talata, dole ka sayo wani ka sake lale.